Taransista Huɗu da Muryar Baba

Laraba, 1 ga Azumi, 1959. Bayan La'asar

Yau Baba ya buɗe tafsiri a zaure. Mutum bai fi ashirin ba, domin duk wanda ya wuce sahu na biyu ba ya jin komai. Malam Seidu ke nan fa, wanda a da in ya ja aya a nan Zongo ake cewa masu zarto can unguwar Anloga sai sun dakata. Yanzu sai ka kai kunnenka bakinsa. Abin da likitan babban asibiti ya ce game da maƙogwaron nan ba zan rubuta ba.

Da aka tashi ya kira mu mu uku, Yaya Habsa da ni da Mutala autanmu. Ya ce ranar ashirin da takwas ga wata zai rufe tafsiri a filin bayan masallaci kamar kowace shekara, kuma yana so kowa ya ji shi, har matan da ke can baya, don akwai maganar da zai bar wa jama'a. Ba wanda ya tambaye shi me ya sa ya ce "bar wa".

Sai ya ce Mutala ne zai haɗa lasifika bana.

Shekara goma sha uku ke nan tun da na dawo daga yaƙin Bama, inda na yi aikin waya da rediyo a soja, ni nake ɗaukar muryar mutumin nan a kaina. Akwatina mai kwalaben ƙara sauti, janaretana, ƙahonin lasifika biyu. Na ce, "Baba, nawa fa?" Ya yi murmushi ya raɗa, "Bara injinka ya fi ni baki, Issaka." Yaya Habsa ta yi dariya. Ni ma na yi, da haƙora.

Alhamis, hantsi

Mutala ya zo shagona da agogo a hannu, da wani hankici a ƙulle. Shekara uku ya yi a Takoradi yana bin masu gyaran rediyon jirgin ruwa, shi ke nan ya dawo injiniya. Ya kwance hankicin. Taransista shida ne, kowanne kamar marfin kwalba mai ƙafa biyu. Huɗu zai sa, biyu na ajiya. Ya ce ba sa son janareta, batirin mota ɗaya daga garejin Suame ya ishe su, ba ƙara, ba hayaƙi.

"Yaya Issaka, zamanin kwalba ya wuce," in ji shi. A shagona. A kan bencina.

Na ce yoo, na ji.

Asabar, 4 ga Azumi, bayan Azahar

Na ga aikin. Hannunsa na da tsabta, wannan ba zan hana shi ba, dalmarsa tana sheƙi. Ya jera huɗun a kan farantin alminiyam ɗaya, biyu suna tura sauti, biyu suna jawo shi, kowaɗanne biyu ya haɗe ƙafafunsu kai tsaye don su raba kaya.

Kai tsaye! Ina gani na san abin da ya bari.

Bari in rubuta, don in wata rana aka ce ban san sana'ata ba takardar nan ta yi shaida. Babu taransista biyu da suke daidai, ko da ranar ɗaya aka ƙera su. In ka haɗa su haka, ɗaya zai ɗan fi ɗan'uwansa jan wuta. Wanda ya fi ja zai fi ɗumi, kuma halin abin ke nan, in ya yi ɗumi sai ya ƙara buɗe baki ya ƙara ja, in ya ƙara ja ya ƙara zafi, ɗan'uwansa na zaune ba ya ɗaukar komai, har mai haɗamar ya ƙone ya ja na kusa da shi. Maganinsa ba komai ba ne. Ɗan guntun waya irin ta cikin dutsen guga na lantarki, tsawon yatsa, a naɗe, a sa wa kowanne nasa a ƙafa. In ɗaya ya fara zari, wayar tasa ce za ta danne shi ya koma daidai da sauran.

Ba a littafi kawai na gani ba. Bara na ƙona biyu a rediyon motar wani ɗan Sham kafin in gane, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Mutala ya ce ya san da wayoyin, wai suna cin ƙarfi, shi kuwa kowane ɗigo na ƙarfin batir yana so ya tafi ga muryar Baba. Ya faɗa yana kallon akwatin, ba ni ba. To, ba a tambaye ni ba.

Litinin, da safe

Ba a tambaye ni ba.

Laraba, 8 ga Azumi, bayan shan ruwa

Yaya Habsa ta daina shanya hankicin Baba a igiyar tsakar gida. Bayan ɗaki take kai shi, inda ba mai wucewa ya ga tabon jini. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida ita ke dama masa koko, ita ke tace masa miya ta zama ruwa. Yau cokali shida ya sha, ta zo tana gaya mini kamar an yi mata albishir.

Zuleha matata ta ce in je in taimaki ƙanena. Na ce ta kula da tukunyarta.

Lahadi, 12 ga Azumi, hantsi

An gwada akwatin a zaure da sanyin safiya. Baba ya riƙe makirfo da hannu biyu ya yi bisimilla. Muryar ta fito, amma a yage, kamar ana soya ƙosai a bayanta. Fuskar Mutala ta canja.

Wannan ma na san shi. Taransista na bukatar ɗan abin da zai riƙa ci ko ba a magana, don kada ya yi barci tsakanin turawa da jawowa. In ka rage masa da yawa, mai babbar murya ba zai lura ba, amma mai raɗa irin Baba duk maganarsa a wannan ramin take faɗawa. Mutala ya gane, ba wawa ba ne. Ya ɗauki sukudireba ya murɗa, ya ƙara musu abincin zaman banza, ya ƙara, ya ƙara, har yagewar ta tafi.

Sai ga Baba. Wallahi Baba na da, na lokacin da nake yaro, ya cika zauren har ƙofa tana rawa. Ya ji kansa, ya rufe ido, ruwa ya gangaro gemunsa. Ya miƙa hannu ya dafa kan Mutala. Minti goma aka yi aka kashe.

Na zagaya baya na ɗora yatsa a farantin. Uku sanyi ƙalau. Na huɗun, na gefen dama, ya fara ɗumi. Minti goma, a inuwa, da safe. Tafsirin rufewa kuwa awa biyu ne, a fili, a ranar La'asar ta wannan wata da ko kare ba ya fita.

Mutala ya gan ni. Ya ce, "Yaya, ka ga wani abu ne?"

Na ce, "Kai ne injiniya."

Lahadi dai, bayan Isha'i

Wannan ba tambaya ba ce. Da tambaya ce da ya zo shago ya zauna ya ce Yaya koya mini. A gaban mutane ya yi ta, hannun Baba bai gama sauka daga kansa ba.

Alhamis, 16 ga Azumi, Azahar

Zafi. Na gyara rediyo uku, na kori wani direba da ya zo yana tambayata ko gaskiya ne ƙanena ya kawo na'urar da ba ta bukatar inji. Duk Zongo maganar ke nan, har masu waken bakin titi. Wai ɗan Malam ƙarami kansa na ja paa, ba kaɗan ba.

Na yanki wayar dutsen guga guda huɗu na naɗe su a jikin ƙusa, don hannuna ya sami abin yi. Suna cikin gwangwanin sigari a kan kanta. Ba don kowa na yi ba.

Asabar, 18 ga Azumi, bayan La'asar

Yaya Habsa ta zo shago da igiyar awo. Ta rufe ƙofa kamar mai shirin sata. Ta ce abin da Alƙur'ani zai bi ta cikinsa bai kamata ya zauna tsirara a ƙasa kamar garwar kananzir ba, yadda ake sa Littafi a gafaka haka shi ma ya cancanci sutura. Ta fito da koren karan-miski da ta ajiye tun aurenta, za ta cusa auduga a ciki, ta yi masa aiki da zaren zinariya. Ba ta so Mutala ya sani sai ranar, ta ba shi mamaki.

Na ba ta awon, tsawo da faɗi da tsayi, don na san su a ka.

Ta tsaya a ƙofa ta juyo. "Issaka, in bar bayansa a buɗe? Na ga kamar da ramuka a wurin."

Ramukan iska ne. Na ce, "Rufe ko'ina, Yaya. Ruwan sama ya kusa."

Ta ce Allah ya yi mini albarka.

Talata, da safe

Ban yi komai ba. Duk wanda ya karanta wannan ya duba, ban taɓa waya ɗaya ta akwatin nan ba.

Juma'a, 24 ga Azumi, bayan Masallaci

Cokali uku yau. An daina tafsirin zaure, wai Baba yana tara murya don ranar. Yana magana da hannu, in ya gaji ya rubuta a allo da yatsa ba tawada, mu bi yatsan mu karanta. Na zauna kusa da shi na yi masa fifita. Ya ɗago ya dube ni, ya rubuta: Mutala ya ci abinci?

Na ce ya ci.

Na koma shago na buɗe gwangwanin na rufe. Aikin minti talatin ne. In na je yanzu, gobe duk Zongo za ta ce akwatin Mutala ya yi kyau, ba wanda zai san da guntun waya huɗu a cikinsa. Shekara goma sha uku ba wanda ya dafa kaina. So nake ya mutu a hannunsa a gaban mutane, minti biyar kawai, in tashi in ɗauko janareta, Baba ya ƙarasa da nawa. Abin da nake so ke nan, ba ƙari.

Litinin, 27 ga Azumi, yamma

Janaretan ya ƙi tashi. Tun bara ban kunna shi ba. Na ja igiya har kafaɗata ta riƙe, na kwance shi, abin da ya lalace sai an aiko daga Ankara, babban birni. Na tsaya ina kallonsa.

Gwangwanin yana kan kanta. Na ce da safe.

Talata, 28 ga Azumi, hantsi

Mutala ya riga ya kwashe kaya zuwa fili, da mutane a kewaye da shi. Ba zan je in durƙusa a gaban masu kallo ba. Wataƙila ya riƙe. Wani lokaci suna riƙewa.

Laraba, 29 ga Azumi, bayan Azahar

Jiya ban iya rubutu ba.

Ban taɓa ganin filin ya cika haka ba. Har daga unguwar Oforikrom aka zo, direbobin Suame suka jera motoci mutane suka hau kai, mata a baya har bakin kwata. Rana kamar ta sauko. An ɗora akwatin a kan benci kusa da buzun Baba, batir a ƙasa.

Ana shirin farawa Yaya Habsa ta aiko da rigar a kan faranti. Aka buɗe, dattawa suka ce masha Allah. Liman da kansa ya lulluɓa ta, ta zauna cif, ai awona ne. Baba ya shafa zaren zinariyar ya ɗaga hannu wajen mata. Na ga Mutala ya motsa, ya buɗe baki. Amma wa zai tuɓe abin da Liman ya sa, Malam ya shafa, a gaban dattawan Zongo? Ya juyo ya neme ni da ido. Na sunkuya ina gyara takalmina.

Alaramma ya ja baƙi, ƙaho ya ɗauka har bango ya amsa. Sai Baba ya karɓa. Wayyo. Filin nan gaba ɗaya ya ce Allahu akbar, tsofaffi suna kuka, wata mata a baya ta yi guɗa aka tsawata mata. Ni ma na ji abin a ƙirjina, na ce ya Allah ka riƙe shi, ka riƙe shi, na tuba. Ina duba agogon wani na kusa da ni. Minti ashirin. Talatin.

A minti talatin da biyar na ji warin. Ba wanda ya san warin nan a filin sai mu biyu.

Baba ya rufe littafin tun bai kai rabi ba ya ce, "Jama'ar Zongo, ga maganar da na tara ku dominta." Muryar ta fara kauri, ta yi gurnani, ƙaho ya yi wani ƙugi mai tsawo, sai ɗas. Hayaƙi ya fito ta ɗinkin rigar.

Shi bai sani ba. Idonsa a rufe, makirfo a hannu biyu, yana ta magana. Mutum fiye da dubu suna kallon bakin tsoho yana motsi. Wani daga kan mota ya yi ihu, "Ba ma ji!" Wasu suka yi dariya, ba da mugunta ba, irin dariyar da ke kuɓuce wa mai yunwa. Baba ya buɗe ido. Alaramma ya matso ya ce ya faɗa masa a kunne shi ya maimaita wa jama'a, Baba ya ture shi. Ya ajiye makirfo, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya cika ƙirji, ya yi niyyar yi da muryarsa kamar da.

Abin da ya fito ba kalma ba ce. Yaya Habsa ta keto sahun maza da gudu da hankici. Na baya suka fara zamewa, don lokacin shan ruwa ya gabato kuma kowa da nisan gidansa.

Laraba dai, bayan shan ruwa

Mutala ya shigo tsakar gida da rigar a hannu, gefenta ya ƙone, ya jefa ta gaban Yaya Habsa. "Rigarki ce ta shaƙe shi! Wa ya sa ki? Ke me kika sani?" Bai taɓa ɗaga mata murya ba, ita ta goya shi. Ƙofar Baba a buɗe take.

Ta ɗago ta dube ni. Na jira ta faɗi wanda ya ce ta rufe ko'ina. Ba ta faɗa ba, ta tsince rigar ta shiga ɗaki.

Da ta kai wa Baba koko ya juya fuska ga bango. Na karɓi kwanon, ya sha cokali biyu a hannuna. Zan rubuta gaskiya ko da sau ɗaya: na ji daɗi.

Juma'a, Sallah

Baba bai je Idi ba. Ko raɗar ma babu. Ni ke ba shi koko, Yaya Habsa tana damawa tana ajiyewa a bakin ƙofa. A hanya mutane suna gaishe ni da girma, suna cewa ai da an bar wa babba aikinsa.

Lahadi, 3 ga Shawwal, da safe

Mutala ya koma Takoradi. Ya ajiye akwatin da hankicin taransistan ajiya a ƙofar shagona. Na bi shi tasha don kada a ce. Ya riga ya hau mota, ya leƙo ta taga, idonsa ja.

"Yaya, ran da ka sa yatsa a faranti, me ka ji?"

Na ce, "Ƙarfe."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Allah ya bar zumunci," ya mai da kansa ciki.

Talata, 5 ga Shawwal, Azahar

Baba ya kama hannuna ya rubuta a tafina: gyara.

Biyun dama ne suka ƙone. Na sa na ajiya, na sa wa kowanne guntun wayarsa daga gwangwani, na ɗan rage abincin zaman banzan. Ban kai minti talatin ba.

Laraba, bayan La'asar

Na kai shi tsakar gida na ajiye a tsakiyar rana tun hantsi, rediyo na magana ta cikinsa. Don in tabbatar, na ɗauko ragowar rigar inda aka yar da ita na lulluɓa masa. Awa biyar. Ya yi ɗumi, huɗun daidai wa daida, bai wuce ɗumi ba.

Ban ji fitowar Yaya Habsa ba. Ta tsaya da ƙwarya a hannu tana kallon koren karan-miskinta.

"Da rigar yake aiki?"

"Da ita."

"Tun safe?"

Na ce tun hantsi.

"Issaka, tun yaushe ka san gyaran nan?"

Na ce rana ta yi, ta shiga inuwa. Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.

Alhamis, 7 ga Shawwal, bayan Magariba

Baba ya sa na ɗaura ƙaho a kan rufin zaure, yana fuskantar titi. Bayan La'asar muka jingina shi da matashi, na sa masa makirfo a hannu, na kunna. Na riga na aika an gaya wa maƙwabta Malam zai ƙarasa maganarsa, mutane sun taru a ƙofa har titi.

Ya buɗe baki.

Numfashi ne kawai. Ƙaho ya ɗauke shi ya watsa a kan Zongo, shiga da fita, da wani ɗan kurɓi a ƙarshen kowanne, tsaf, ba yagewa ko kaɗan. Ya sake gwadawa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. A waje ba mai ko tari. Ya dube ni, ya nuna akwatin da ido, wai in ƙara. Na ƙara har ƙarshe, numfashin ya ƙara girma.

Na kai hannu zan kashe. Yaya Habsa ta riƙe mini wuyan hannu, ban san tana da ƙarfi haka ba.

"Kada ka kashe," ta ce, a hankali don kada makirfo ya ɗauka. "Ai ka gyara. Zauna ka ji."

Na zauna. Baba bai saki makirfon ba sai da aka kira Magariba, mutanen waje suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda zai san abin da ya so ya faɗa, don da na miƙa masa allo ya ture shi.

Da na zo kwance waya na taɓa farantin. Lafiya lau yake, zai iya kaiwa gobe.